Yadda mai gilashin magani zai kare idonsa in zai je wasan zamiya kan dusar ƙanƙara

Ni dai gilashina mainos 3.5 ne a dama, mainos 4 a hagu, in na cire shi ko lambar motar da ke gabana ba na iya karantawa. A haka na bi abokai muka hau dutsen Erciyes da ke kusa da Kayseri a Turkiyya, shekarata ta farko kenan da zuwa karatu, ban taɓa taka dusar ƙanƙara mai zurfi ba balle in san akwai wani shiri da ake yi wa ido. A shagon hayar kaya aka miƙo min gogul, wato faffaɗan gilashin nan mai soso a baki da igiyar roba da ake ɗaurawa ta ƙeya, na danna shi a kan tabarau ɗina da ƙarfin tsiya, hannun tabarau ya nutse min a gefen kai, hanci kuma kamar an ɗora masa dutse. Ko minti goma ba a yi ba tururi ya rufe komai, na goge ya dawo, na sake gogewa ya dawo, daga ƙarshe na ce kai wannan wahala ce, na sauke gogul ɗin ya koma wuya na wuni da tabarau kaɗai, rana kuwa tar babu ko ɗigon gajimare. Wajen ƙarfe biyun dare na farka kamar an watsa min yashi a ido, hawaye na zuba ba kuka nake ba, hasken waya ma ban iya kallo. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon mai walda yana aiki ya kwana ya san wannan ciwon, shi ne dai sak, illa nan rana ce ta yi aikin ba wutar walda ba.

To abin da zan faɗa maka nan shi ne abin da na so ace wani ya zaunar da ni ya gaya min kafin wannan ranar.

Da farko ka san abin da kake yaƙi da shi, don mutanenmu da yawa gani suke yi ai sanyi ake, rana ba ta da wani ƙarfi. A'a. Abin da ke ƙona ido ba zafin rana ba ne, wani haske ne da ba a ganinsa mai suna UV, kuma a kan dutse ya fi yawa saboda iskar da ke tace shi ta ragu, duk mita 1,000 da ka hau yana ƙaruwa da kusan kashi 10 zuwa 12 cikin 100. Ƙololuwar Erciyes mita 3,917 ce, inda ake wasan ma ya haura mita 2,000 tun daga ƙasa. Wasu wuraren wasan a Afirka ma haka, Oukaimeden na Maroko da ke saman Marrakesh ya kai wajen mita 2,600, Afriski na Lesotho ya haura 3,000. Sannan ga babban abin, sabuwar dusar ƙanƙara tana maido da kusan kashi 80 cikin 100 na wannan hasken sama, yashi kuwa wajen kashi 15 ne kawai, kaga kenan ko wanda ya saba da ranar Agadas ba zai ce ya san wannan ba. Hasken yana dukanka daga sama yana kuma dukanka daga ƙasa, ta ƙarƙashin tabarau da gefensa inda babu abin da ya tare. Shi ya sa tabarau na yau da kullum, ko da yana da kariyar UV, bai wadatar ba. Kuma baƙar fata ba ta ceci ido ba, fatar saman ƙwayar ido iri ɗaya ce ga kowa. Ranar da aka yi gajimare ma kar ka saki jiki, siririn gajimare yana barin mafi yawan hasken ya wuce. Mutanen Inuwit na can arewacin Kanada da Alaska tun kaka da kakanni suke sassaƙa ƙashi ko itace su yi masa 'yar siririyar tsaga su ɗaura a ido, ba don ado ba.

Banda rana akwai iska mai sanyi da ke sa hawaye in ka fara gudu, akwai ƙanƙarar da ke fallatsa, akwai reshen bishiya da sandar wani, sai kuma faɗuwa wadda in dai kai sabon shiga ne ba makawa sai ka sha ta. Amma abokin gabanka na kullum, kai mai tabarau, tururi ne. Zan dawo kansa.

Mataki na farko ba a shagon kayan wasa yake ba, wajen likitan ido yake. Ka je a sake auna ka in ka kwana biyu ba a auna ba, ka karɓi takardar awon a hannunka, za ka ga an rubuta SPH da CYL da AXIS, wato lambobin awon gilashinka, ka roƙa a ƙara maka PD wato tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idonka biyu, yawancin manya tana zagayen milimita 60 da 'yan kai. Ka ɗau hotonta ka ajiye a waya. Ka kuma tambaya da me aka yi gilashin da ke fuskarka. In kwalba ne na gaske, dan Allah kar ka hau dutse da shi, faɗuwa ɗaya zai iya tarwatsewa a cikin gogul kusa da ido. Wanda ake so shi ne na roba mai ƙarfi irin polikabonet ko Trivex, ba sa fashewa da sauƙi kuma su kansu suna tare UV. Firem ma na roba ya fi na ƙarfe, ƙarfe yana ɗaukar sanyi ya dinga cizon karan hanci, ga shi yana lanƙwashewa. In kuma gilashinka irin na iyayenmu ne mai haɗe da na karatu a ƙasa, ko mai layi ko mara layi, to ka sani duk sanda ka sunkuyar da ido ka kalli ƙasan gabanka ta ɓangaren karatu kake kallo, sai ƙasa ta yi dishi-dishi ka kasa gane tudu da kwari. Gara ka yanka na hangen nesa zalla don wannan tafiyar, na karatun ya zauna a aljihu.

Mataki na biyu, ka zaɓi hanyar da za ka bi. Huɗu ne a sanina, kuma ba kowacce ce ta dace da kowa ba.

Akwai gogul da aka ƙera musamman don a ɗora a kan tabarau, a jikin kwalinsa za ka ga haruffa uku, OTG, ma'anarsu dai "a saman tabarau". Cikinsa ya fi zurfi, kuma an ɗan fafe soson ta gefe biyu inda hannun tabarau zai bi ya wuce ba tare da an danne shi ba. Kamfanonin Smith da Oakley da Giro da Bollé da Uvex duk suna yi. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi kuma mafi arha, in sau ɗaya ko biyu za ka je a shekara ita nake ba ka shawara. Illarta gilashi ya zama hawa biyu, wajen da tururi zai kama ya ƙaru, kuma in ka kifa da fuska tabarau ɗin zai iya dannar maka hanci.

Ta biyu wani ɗan firem ne na roba mara hannu, mai 'yan ƙafafu kamar sifirin, ana yanka masa gilashi daidai awon idonka sai ka maƙala shi a cikin gogul ya tsaya da kansa, masu shago suna ce masa insat. Ni yanzu shi nake amfani da shi kuma gaskiya ban ga abin da ya kai shi ba, babu abin da ke matse kai, kuma da yake ya ɗan yi nesa da fuska bai cika yin gumi kamar tabarau ba, in ka canza gogul ma sau da yawa za ka iya ciro shi ka mayar cikin sabon. Sai dai ka yi odarsa da wuri, sati biyu ko uku kafin tafiya, kuma ka tuna da zarar ka cire gogul ka koma makaho, dole tabarau na aljihu a cikin akwatinsa mai tauri. Ranar farko za ka ji ƙasa ta ɗan yi wani iri saboda nisansa da ido ya bambanta da wanda ka saba, ka sa shi a gida ka yi ta zagaya ɗaki kana hawa bene kana sauka, ko da 'yan ɗaki za su yi maka dariya.

Ta uku kontak, ɗan siririn gilashin nan mai laushi da ake liƙawa a ƙwayar ido. In ka riga ka saba da shi to kai ka huta, kowane gogul ka ga dama za ka sa, gefe da gefe duk kana gani. Masu cewa zai daskare a ido labari ne kawai, ɗumin ido da hawaye ba za su bari ba, abin da yake yi dai shi ne bushewa don iskar dutse ba laima, sai ka riƙe maganin ɗigawa irin na hawayen roba a aljihun ciki inda ɗumin jiki zai hana shi daskarewa. Ka sayi irin na yini ɗaya wanda ake yarwa da dare, ka zo da ƙari. Amma in baka taɓa sawa ba, kar ka ce a kan dutse za ka koya da yatsu a sandare, ka fara sati biyu kafin nan a hannun likita. Wani abu kuma da ya shafe mu, alwala: ruwan famfo da kontak ba sa shiri ko kaɗan, akwai wata ƙwayar cuta a ruwa da ke iya maƙalewa a jikinsa ta yi wa ido mummunar illa, don haka in za ka wanke fuska ka rufe ido sosai, kuma kar ka taɓa ɗauraye kontak da ruwan famfo ko miyau. Sannan ko an rubuta kontak ɗin yana tare UV, baƙin ido kawai ya rufe, gogul na nan daram.

Ta huɗu hular kwano mai gilashi a jikinta wanda ake ɗagawa a sauke kamar ta masu babur. Da tabarau tana da daɗi sosai, ba matsi, iska na zagayawa tururi bai cika taruwa ba. Matsalarta ba ta rufe fuska ruf kamar gogul, in ka yi gudu ko ana zubar da ƙanƙara da iska sai ka ji sanyi na shigowa ta ƙasa ido na hawaye. Ga mai koyo a ƙasa-ƙasa ranar da gari ya yi kyau ta isa.

Akwai masu cewa su baƙin gilashin rana mai magani kawai za su sa. In mai lanƙwasa ne da ya rufe gefe, kuma yawo kawai za ka yi kana ɗaukar hoto, ba laifi. In za ka hau allon zamiya ko siki, wato dogayen falankan nan biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, ka gangaro, a'a.

Mataki na uku shi ne gwaji, kuma nan ne nake so ka ɓata lokaci don nan aka cuce ni, ko in ce na cuci kaina. Ka ɗauko rula ka auna faɗin tabarau ɗinka daga wannan ƙarshen zuwa wancan, ka auna tsayinsa daga sama zuwa ƙasa. 'Yan lambobin da ke rubuce a cikin hannun tabarau, misali 52 da 18 da 140, faɗin gilashi ɗaya ne da faɗin gadar hanci da tsawon hannu, ba su ne faɗin gaba ɗaya ba, don haka ka auna da kanka. In a intanet za ka saya ka gwada da awon da kamfanin ya rubuta, ka kuma tabbata ana karɓar mayarwa. Manyan firem ɗin nan na gayu da ake yayi yawanci ba sa shiga, in kana da tsohon ƙarami a durowa yau ranarsa ta zo.

In shago za ka je, wanda shi ya fi, ka tafi da tabarau ɗin da za ka hau dutse da shi da kuma hular kwanonka in kana da ita. Ka sa hular tukuna, ka sassauta igiyar gogul har ƙarshe, ka riƙe shi da hannu biyu ka fara zura tabarau ta gefe ɗaya sannan ɗayan, sai ka ja igiyar ta bayan hula ka maƙala ta a ɗan maɓallin da ke ƙeya. Yanzu tsaya, kar ka yi saurin cewa ya yi. Ka bar shi a fuska minti goma cur kana zagaya shagon. Ka girgiza kai, ka sunkuya kamar za ka ɗaura takalmi, ka yi hamma, ka yi dariya. Tabarau ya goce? Yana taɓa gilashin gogul ta ciki? In yana taɓawa za su karce juna, ajiye shi. Gefen kai ya fara zafi? Abin da ya dame ka a minti goma, bayan awa huɗu ciwon kai ne. Sai ka sa yatsa ka bi bakin soson duk zagaye, musamman wajen hanci. Mu da yawanmu karan hancinmu bai da tudu irin na Turawa, kuma galibin gogul da fuskarsu aka auna, sai ka tarar akwai rami tsakanin soso da hanci har yatsa na shiga, ta nan numfashinka zai dinga hawa yana rufe maka gilashi, ta nan kuma hasken ƙasa zai shigo. Ka tambayi mai shago irin wanda aka ƙara wa soso a hanci, a kwali ana rubuta Low Bridge Fit, wasu kamfanonin kuma Asian Fit suke ce masa. Ni sai da na yi shekara biyu kafin in san akwai shi, ranar da na sa na ji kamar tela ya auna ni ya ɗinka. Abu na ƙarshe ka duba madubi, kar a bar fili a goshi tsakanin hula da gogul, kuma kar hular ta danno shi ƙasa ta toshe ramukan iskar da ke samansa.

Mataki na huɗu launin gilashin. Kafin launi ka nemi rubutun UV400 ko kashi 100 na kariyar UV, da alamar inganci ta EN 174 in a Turai ne ko ASTM F659 in a Amurka. Duhun gilashi daban kariya daban, baƙin gilashin bakin titi wanda ba ya tare UV ya ma fi babu illa, don duhun yana sa ƙwayar ido ta buɗe hasken ya shige da yawa. Araha dai ba ta ado. Sannan za ka ga wata lamba da ake kira VLT, ita ce yawan hasken da gilashin ke bari ya wuce, an kasa ta gida biyar. S0 kusan fari ne tas, kashi 80 zuwa sama, na dare ko na cikin gini. S1 daga 43 zuwa 80, na ranar da gari ya lumshe. S2 daga 18 zuwa 43, shi ne tsaka-tsaki. S3 daga 8 zuwa 18, na rana tsantsa. S4 daga 3 zuwa 8, wannan na can ƙololuwa ne kuma ba a tuƙa mota da irinsa. In ɗaya za ka iya saya, S2 mai ruwan hoda ko ruwan zuma ka ɗauka. Dalili kuwa akwai ranar da sama fari ƙasa fari, kamar hazon hunturu in ya sauka sosai a Kano har jirgi ya kasa sauka, babu inuwa ko ɗaya, sai ka ga gabanka a shimfiɗe alhali rami ne, a irin wannan ranar baƙin gilashi makanta yake ƙara maka, ruwan hoda da rawaya su ke fito da tudu da kwari. Wasu gogul ɗin suna zuwa da gilashi biyu ana canzawa da maganaɗisu, in aljihu zai ɗauka wannan ya fi.

Abu biyu da ke ruɗa masu tabarau. In naka irin mai canza launi ne a rana, a cikin gogul ba zai yi duhu ba tunda gogul ya riga ya tare UV ɗin da ke sa shi canzawa, kuma hakan daidai ne. Amma in ka cire gogul a waje zai yi baƙi ƙirin, a sanyi kuma yana daɗewa kafin ya washe, sai ka mayar da gogul ka ga duhu biyu. Na biyu gilashi mai kashe ƙyalli, folarayiz, yana da daɗi a ido amma ƙyallin nan shi ke nuna maka inda dusa ta daskare ta zama santsi kamar tayil, in ya ɓoye shi sai dai ka ji ka a ƙasa. In kuwa Ski Dubai za ka je da ke cikin Mall of the Emirates, wanda aka buɗe a 2005, ko Ski Egypt da ke kusa da Alƙahira, duk wannan lissafin ranar bai shafe ka ba tunda a cikin gini ne, fari ko S1 ya ishe ka, tururi kaɗai za ka yi fama da shi.

To mu zo kan tururin. Ka taɓa ciro gorar ruwa daga firji ka ga ta yi gumi? Shi ne dai. Iska mai ɗumi da laima daga fuskarka ta haɗu da gilashi mai sanyi. Gogul na kirki gilashinsa biyu ne kamar filas ɗin shayi, da iska a tsakani, na ciki ba ya yin sanyi sosai, wani likitan haƙori Ba'amurke mai suna Bob Smith ya fito da dabarar a 1965 don shi ma abin ya ishe shi. Tabarau ɗinka kuwa falle ɗaya ne kuma babu shafin hana tururi a jikinsa, shi ya sa sau tara cikin goma ba gogul ne ya yi gumi ba, tabarau ne.

Ga yadda nake yi in da tabarau zan hau. Da dare in wanke tabarau da ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, don maiƙon fuska shi ke riƙe tururi, in ya bushe in shafa masa maganin hana tururi gaba da baya, ana samunsa a shagon gilashi na fesawa ko na ƙyalle, ka dai tambaya ko ya dace da shafin da ke jikin gilashinka. Tabarau kawai ake shafa wa, cikin gogul ba a taɓa shi. Da safe tun ina cikin ɗaki, tabarau na da ɗumi fuska a bushe, nake sa gogul, sannan in fita, kuma daga nan ba na ɗaga shi. Wannan ɗaga shi a ɗora a goshi ko kan hula da kake gani ana yi a hoto shi ne babban kuskure, goshi gumi yake fitarwa hula kuma a jiƙe take, minti biyu ya isa cikin ya cika da laima. Mayafin fuska ko hijabi ko abin wuya, 'yar'uwa ke ma da ke nake, kar a cusa bakinsa ƙarƙashin soson gogul, numfashi zai bi ta nan ya hau kai tsaye kamar an sa masa bututu, a bar shi ƙasa da hanci ko a sami mai huji. Kar kuma ka jibga kaya kamar za ka kwana a firiza, mu 'yan ƙasar zafi mun iya wannan, riga biyar da suwaita biyu, kana fara motsi gumi ya keto kuma duk fuska zai nufa, in ka ji zafi ka zuge zif ɗin wuya ka buɗe ramukan hula. Za ka lura tururin ya fi zuwa in ka tsaya a layin hawa lif, wato abin da ke ɗaukar mutane zuwa saman dutse, don ramukan gogul sai kana tafiya iska ke ratsa su, in ya fara sai ka ɗan janye ƙasan gogul daga fuska da yatsa na 'yan daƙiƙu ka saki, ko ka juya ka fuskanci iska. In abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa akwai gogul mai ɗan fanka da batir a samansa.

In ka faɗi dusa ta shiga ciki, kar ka sa safar hannu ka goge, kar ka sa tishu. Shafin da ke cikin gogul in ya jiƙe laushi yake yi, gogewa ɗaya ka kwashe shi har abada ka bar zane. Ka karkaɗe dusar, ka kakkaɓe ramukan sama, ka shiga wajen shan shayi ka ajiye shi a tebur ya sha iska, in dole ne ka ɗan dangwala da jakar ƙyallen da ya zo a ciki, dangwalawa ba gogewa ba. Kar ka ɗora shi kan hita. Abin da dai ba za ka yi ba ko ana ha maza ha mata shi ne abin da na yi, ka sauke shi wuya ka ci gaba da wasa a rana. Gara ka rasa rabin awa a zaune.

A aljihu kuwa: tsohon tabarau na ko-ta-kwana a akwati mai tauri, ƙyallen goge gilashi guda biyu a leda don ɗaya zai jiƙe, hawayen roba, da ƙaramin gilashin rana mai magani ko wanda ake maƙalawa a kan tabarau don lokacin cin abinci a waje, saboda awa ɗayan nan da ake zama a baranda ana shan shayi ana kallon dutse ita ma ƙona ido take. Yara masu tabarau su ma akwai OTG nasu, kuma su suka fi buƙata don idonsu ya fi barin hasken ya shige, sai an dinga dubawa don cirewa suke in ba a kallo.

In kuma an riga an yi ɓarnar, alamun ba sa zuwa nan take, sai bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa yawanci cikin dare ake farkawa da shi: jin yashi a ido, ja, hawaye, kumburin fatar ido, ƙin haske. Ka cire kontak in da shi, ka zauna a ɗaki mai duhu, ka jiƙa tsumma mai tsafta da ruwan sanyi ka ɗora a kan ido a rufe, ka ɗiga hawayen roba, ka sha farasitamol, kuma duk yadda ya kai ga ƙaiƙayi kar ka murza. Irin abubuwan da ake ɗiga wa mai apolo a gida, ruwan sikari ne, nono ne, ruwan albasa ne, ko ragowar maganin wani, babu ko ɗaya da zai shiga idon nan, haka maganin kashe zafi na ɗigawa ba a amfani da shi a gida don yana hana wajen warkewa. Yawanci kwana ɗaya zuwa biyu yake sakin mutum. In ya wuce haka, ko gani ya ragu, ko ido ɗaya ne kawai ke ciwo, ko akwai ruwa mai kauri, ko kuma da kontak ka wuni, kar ka jira, ka nemi likitan ido ranar. Nawa sai da na yi kwana biyu labule a sauke ina sallah da ido a rufe, abokai na can suna turo hotuna a WhatsApp ina kasa buɗewa.

In an dawo masauki ka ciro insat ɗin ko tabarau daga ciki, ka bar gogul a buɗe a kan tebur nesa da hita ya kwana yana bushewa, kar ka bar shi a but ɗin mota ko cikin jaka tare da jiƙaƙƙiyar safa, soson da ya kwana da laima gobe tun kafin ka kai layin lif zai rufe maka ido. Sai ya bushe sarai sannan ka mayar da shi jakar ƙyallensa, gilashin na kallon sama.